Wa Zai Mayar Masa da Gangarsa?

Karatu: Markus 5:1-20, Ishaya 38

Akwai wata magana da kowannenmu ya taso ya tarar ana yi, wai mahaukaci ba ya warkewa, sai dai rangwame. Na ji ta a bakin kakata, na ji ta a tashar mota a Gaya, na kuma ji ta a bakin dattijon ikilisiya a ƙofar majami'a, Littafi Mai Tsarki a hammatarsa. Ni ma na sha faɗarta. Tambayar da nake so mu yi tunani a kai yau ita ce: in Allah ya ta da ɗan'uwanmu daga ciwon taɓin hankali, muna da ikon ci gaba da ajiye shi a inda ciwon ya yar da shi? Ni kaina ban tsira daga wannan tambaya ba, saboda haka bari in fara da laifina.

A wata ƙaramar ikilisiyarmu, a wani ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, akwai wani saurayi ɗan gwauruwa. Shi ne makaɗin ganga a sujada tun yana ɗan yaro. Wata shekara da kaka, ana tsakiyar girbin gero, barci ya ƙaurace masa. Ya fara magana shi kaɗai, yana cewa ana kiran sunansa daga cikin rumbu. Ya ƙi cin tuwon mahaifiyarsa, wai an zuba masa guba. A rana ta biyar ya kama hanya ba riga ba takalmi, sai 'yan acaɓa ne suka dawo da shi da almuru.

Aka aiko mini, na zo da man shafewa, ban da ko ɗigon shakka a kan abin da ke damunsa. Na sa azumin kwana uku. Aka ɗaure ƙafarsa da igiyar shanu a jikin turke ina tsaye, ban ce uffan ba. Muka tsawata, muka yi ta addu'a da ƙarfi har muryoyinmu suka dishe. Ran na huɗu yaro yana nan yadda yake, sai ma ƙafar da ta kumbura. Mahaifiyarsa ta durƙusa ta ce, "Mai bishara, me ya rage kuma?" Na ce, "Inna, ki bincika gidanki da kyau, akwai abin da ba a tuba da shi ba." Yau na san dalilin da ya sa na faɗi haka. Addu'ata ba ta yi abin da na yi alkawari ba, dole laifi ya sauka a kan wani, ni kuwa ban so ya sauka a kaina. Sai na ɗora wa gwauruwa.

A shekarar nan akwai masu yi wa ƙasa hidima da aka turo yankinmu, suna da ƙungiyarsu ta kiwon lafiya da ke fita aikin sa-kai ran Alhamis. Suna zuwa makarantu da kasuwa da ƙofar dagaci suna yi wa mutane bayani a kan shaye-shaye da farfaɗiya da ciwon ƙwaƙwalwa. Kirista da Musulmi ne a haɗe, ba kuwa mai biyansu kome bayan ɗan alawus ɗin da gwamnati ke ba kowane mai hidima. Ɗaya daga cikinsu, ma'aikaciyar jinya 'yar jihar Filato, tana sujada tare da mu. Ta ji labari ta zo. Ta duba yaron, ta duba ƙafar, sannan ta ja ni gefe cikin ladabi ta ce, "Baba, da zazzaɓi ne ya kayar da shi, za ka ce kada a kai shi asibiti sai an gama azumi?" Na ce, "'Yata, wannan ba na asibiti ba ne." Ta ce, "To Baba, mu je da addu'ar cikin mota."

Su suka yi karo-karo daga alawus ɗinsu. Aka fara kai shi asibitin Gaya, aka tabbatar ba zazzaɓin da ke hawa kai ba ne, ba kuma sanƙarau ba. Wannan mataki ku riƙe shi: duk wanda ya rikice farat ɗaya jikinsa da zafi, a garzaya da shi asibiti a ranar, domin akwai ruɗewar da zazzaɓi ke kawowa, ita kuwa tana kisa. Daga nan aka tura mu asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Wanda ya san hanyar ya san wahalarta: daga Gaya a bi ta Wudil, a haye gada, a ratsa birnin Kano gaba ɗaya, a fita ta hanyar Katsina, ga mara lafiya a tsakiyar mutum biyu. Aka ba shi magani. Cikin sati na farko barci ya dawo. Kafin wata biyu ya daina jin muryoyin, ya tambayi wa ya ƙarasa masa girbin gonarsa.

Kada wani ya ce mai bishara ya daina gaskata akwai miyagun ruhohi. Ina gaskatawa, Littafi ya faɗa, Ubangijinmu ya kore su. Ina kuma gaskata Allah yana warkarwa nan take, idona ya gani. Amma a makarantar tauhidi an koya mana cewa rarrabe ruhohi baiwa ce ta Ruhu Mai Tsarki, wanda kuwa ya kira kowane ciwo aljani bai rarrabe kome ba. Ƙwaƙwalwa tsoka ce da Allah ya halitta kamar hanta da ƙoda, tana kuma iya yin ciwo kamar su. Sarki Hezekiya ya yi kuka, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka dandaƙa ɓaure aka manna a kan marurun. Ba wanda ya zargi Ishaya da rashin bangaskiya. Annabi Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara yi masa shi ne a ba shi abinci da ruwa, a bar shi ya yi barci, a sāke ba shi abinci. Magana sai daga baya.

A 2004 wasu likitoci na Kano suka fitar da binciken da suka yi a ƙauyen Karfi, can ƙasar Kura, inda suka tambayi manya 250 abin da ke kawo taɓin hankali. Wajen kashi ɗaya cikin uku suka ce shaye-shaye. Kusan ɗaya cikin biyar suka ce fushin Allah ne ko nufinsa, kusan ɗaya cikin biyar kuma suka ce sammu ne ko iskoki. Kusan rabinsu suna da ƙyama ko tsoron mai ciwon. Da na ji wannan sai na ga kanmu a ciki. Abin da iyayenmu suka kai wa boka da 'yan bori, mu mun sauya masa riga mun shigo da shi majami'a. Suna cewa an yi masa jifa, mu muna cewa la'anar gida ce. Ko ta wace hanya, mara lafiya da danginsa ne masu ɗaukar kunya.

To, duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru bayan yaron ya dawo gida.

Ya shigo sujada ran Lahadi cikin farar riga, a natse. Muka yi tafi, aka ba da shaida, aka ɗaga murya da Halleluya. Amma gangar tana hannun wani. Ba taron da aka yi aka yanke haka, kowa dai ya san ba za a mayar masa ba. Bencin da ya zauna, mata suka janye yaransu daga kusa. Ran Jibin Ubangiji na lura an bar shi ya zama na ƙarshe. In ya yi dariya da ƙarfi sai a kalli juna. In ya yi shiru sai a kalli juna. In aka cuce shi a kasuwa ya ɗaga murya kamar yadda kowane namiji zai yi, sai ka ji ana raɗa, "Abin nasa ya motsa." Yarinyar da aka yi masa baiko da ita kuwa, mahaifinta ya aiko da kayan. Mun kwance igiyar shanu, muka ɗaure shi da wata wadda ba a gani, ita kuwa ba ranar kwance ta, tunda an riga an ce ba ya warkewa.

Mu auna maganar nan ta rangwame. Akwai gaskiya a ciki? Ƙwarai, ɗan kaɗan. Wasu sukan yi ciwon sau ɗaya a rayuwa, kamar matar da ta rikice bayan haihuwa, aka yi mata magani ta koma daidai. Wasu kuwa sai sun riƙa shan magani shekara da shekaru, ko allura wata-wata, in suka bari ciwon ya dawo. Amma ku faɗa mini, hawan jini yana warkewa? Ciwon sukari fa? Su ma rangwame ne. Muna da dattijo mai shan ƙwayar hawan jini kowace safiya shekara goma, shi ne kuma ma'ajin ikilisiya, ba wanda ya taɓa cewa a karɓe littafin kuɗi daga hannunsa. In ya sha maganinsa muna cewa yana kula da haikalin Allah. In saurayin nan ya sha nasa muna cewa ashe bai sami 'yanci ba. Har akwai wanda ya ce masa ya zubar da maganin in dai ya gaskata an warkar da shi. Ina roƙonku da sunan Yesu, kada kowa ya ƙara faɗa wa wani haka. Likitan da ya sa magani shi ke rage shi. In maganin yana sa jiki ya sandare, ko yawu ya riƙa zuba, ko barci ya yi yawa, a koma a faɗa wa likita, akwai gyara.

Ashe maganar rangwame ba bayanin ciwo take yi ba. Hukunci ce, ta ɗaurin rai da rai, mu ne kuma alƙalan. Tana ba mu izinin yi wa mutum abin da ba za mu yarda a yi wa kowa ba: a yanke shawara a kansa yana zaune, a ƙi karɓar shaidarsa, a raba gādo a tsallake shi, yara su bi shi da jifa manya suna dariya.

Ku sāke karanta Markus sura 5 a hankali. Mun saba tsayawa a wurin aladu, domin nan ne abin mamaki yake. Ku wuce gaba. Mutanen garin sun zo sun tarar da mutumin nan da suka sha ɗaurewa da sarƙa yana zaune, da tufafi a jikinsa, hankalinsa ya dawo. Me suka yi? Tsoro ya kama su, suka roƙi Yesu ya bar musu ƙasarsu. Yana cikin kaburbura yana yanka jikinsa da duwatsu, garin ya san inda zai ajiye shi. Da ya warke ne ya zame musu matsala, domin yanzu sai an ba shi wurin zama a dandali, sai an amsa gaisuwarsa, sai an haɗa ido da shi alhali ya san wa ya riƙe sarƙar. Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa ya roƙa a bar shi ya shiga jirgi. Ƙaunar Yesu ce, ba shakka. Ina kuma tsammani ya san halin mutanen garinsu. Ubangiji kuwa, wanda ya ce wa masunta da mai karɓar haraji su bi shi, ya hana wannan. Gida ya tura shi, wurin danginsa, ya kuma ba shi aikin shelar abin da Allah ya yi masa. Wato mutumin da garin ba zai karɓi shaidarsa a kan akuya ba, shi aka naɗa mai bishara na farko a Dikafolis. Yesu ya yi nasa a bakin teku. Sauran aikin ya bar wa mutanen gari, su buɗe ƙofa. Wannan kashi likita ba ya iya yinsa, azumi ma ba ya yinsa a madadinmu.

Na san abin da ke zuciyar wasunku. Za ku ce, mai bishara, in ya sari wani fa? Gaskiya ne, mutum a tsakiyar ciwo yana iya yin ɓarna, ana kuma bukatar maza su riƙe shi har a kai ga asibiti. Amma yawancin masu wannan ciwo ba sa taɓa kowa, su ne ma aka fi duka da fyaɗe da ƙwace. Ban kuma ce gwauruwar da ta yarda aka ɗaure ɗanta muguwa ce ba. Ita kaɗai ce, ga gona, ga ƙannensa, ga rijiya a buɗe. Igiya ita ce abin da ya rage wa wanda jama'a suka bari shi kaɗai. Sai dai mu tuna inda igiya take kaiwa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga wani gidan mari a Rigasa, Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Wata mai zuwa aka sāke samun irinsa a Daura. Kada mu yi saurin nuna wa maƙwabta yatsa: a shekarar nan ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa ta tarar da masu taɓin hankali a ɗaure a wurare iri-iri a Nijeriya, har da majami'u da gidajen addu'a.

Sai maganar aure, wadda ita ce mai wuya. Ina da 'ya mace, ba zan yi wa mahaifin yarinyar nan wa'azi daga nesa ba. Yana da haƙƙin ya sani, yana da haƙƙin ya yi tambaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mun riga mun saba gwajin sikila da ƙanjamau kafin ɗaurin aure, tun 2024 ma doka ce a jihar Kano. Ciwon ƙwaƙwalwa yakan ɗan bi jini a wasu gidaje, kamar hawan jini, amma yawancin 'ya'yan masu ciwon lafiya lau suke tashi. Abin da nake ƙi shi ne a yanke hukunci ba tambaya, don kalma ɗaya. Ku duba kuma abin da hakan ke haifarwa. Muddin duk gidan da ya faɗi gaskiya 'ya'yansa mata za su rasa miji, kowane gida zai ɓoye. Za a kulle yarinya a ɗaki a ce ta tafi wurin gwaggonta. Za a ƙi zuwa Dawanau don kada wani ɗan garinmu da ya je kasuwar hatsi ya hango mu a bakin ƙofa. Mu muke hukunta mai gaskiya, sannan mu yi mamakin yawan ƙarya.

Nan ne na ga amfanin aikin 'yan sa-kai. Ba su da allura, yawancinsu ba likitoci ba ne. Abin da suke yi shi ne su fara ambaton abin a bainar jama'a, ba dariya ba raɗa, har kunyar ta fara sakin mutane. Mu mutanen Kano mun taɓa ganin irin wannan. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar nan saboda jita-jita, sai 2004 aka ci gaba. Abin da ya karya jita-jitar shi ne shiga gida-gida, shekara da shekaru, tare da sarakuna da malamai da waɗanda cutar ta naƙasa suna magana da bakinsu, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Ƙungiyar Rotary, wadda take cikin yaƙin nan tun 1985, ta ɗauko maganar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, lokacin da shugabanta na duniya, Gordon McInally, ya tsaya gaban taro ya faɗi cewa ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya kashe kansa. Na san akwai masu yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi kallon zargi a cikinmu. Ni dai na tambayi kaina fastoci nawa ne a cikinmu za su iya hawa bagade su faɗi irin wannan game da gidansu.

Tun 1954 wani likita ɗan ƙasar nan, Farfesa Thomas Adeoye Lambo, ya gwada wani abu a Aro kusa da Abeokuta. Maimakon kulle marasa lafiya, sai ya sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne da ɗan'uwansa mai jinya, suna karɓar magani da rana suna kwana cikin jama'a. Duniya ta zo ta koyi abin daga wurinsa. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi a kan aiki da muhalli da magani, ba a kuma wulaƙanta shi. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kusan dukansu a manyan birane. Doka ba za ta zo Toranke ko Kademi ta zauna kusa da kowa a benci ba. Masu hidimar ƙasa kuma shekara ɗaya suke yi su ɗauki jakarsu. 'Yar Filaton nan ta daɗe da tafiya. Mu ne muke nan kowace Lahadi.

Na koma wurin gwauruwar na durƙusa na ce, "Inna, na yi miki nauyin baki a ranar da kike bukatar ta'aziyya. Ki gafarta mini." Ta yi shiru har na zaci ba za ta amsa ba. Can ta ce, "Na bincika gidan kamar yadda ka ce, ɗana. Dare nawa ban yi barci ba ina neman zunubin." Sannan ta yafe.

Maganar ganga na kai ta gaban dattawa. Aka yi ta ja-in-ja. Ɗaya ya ce in ciwon ya tashi a tsakiyar sujada baƙi za su gudu, mu da muke 'yan kaɗan a ƙasar nan kowa yana kallonmu. Ma'ajinmu, mai hawan jinin nan, bai ce kome ba sai can ƙarshe. Ya zaro ƙunshin maganinsa daga aljihu ya ajiye a kan tebur, ya ce, "In don wannan ne, ga makullin akwati, ku haɗa da ni." Aka mayar wa yaro gangarsa. Aka kuma shirya maza biyu-biyu su riƙa raka shi ganin likita bi da bi, kuɗin mota daga baikon taimako, zumuntar mata kuma su riƙa leƙa mahaifiyarsa.

Ciwon ya taɓa dawowa sau ɗaya, da damina, lokacin da kuɗi suka yanke magani ya ƙare sati uku ba wanda ya sani. Wannan karo ba a nemi igiya ba. Ya yi Lahadi huɗu ba ya nan, aka jingine gangar a gefen bagade, ana tafi da hannu har ya dawo. Mahaifin yarinyar har yau bai ce i ba, bai kuma ba wa wani ita ba; ya ce yana so ya je da kansa ya ji daga bakin likita. Ranar komawa asibiti ta gaba ni ne da rakiya, na kuma ce masa akwai wurin mutum ɗaya a motar.